Hizam, Mai Hura Wutar Gyatuma

Makon jiya wani ya shigo shagon gahawar da muke zama a unguwar Tawahi ta Aden, ya ce ya ji an sayar da Gyatuma ga masu fasa tsofaffin jirage a Bombay, har an fara yanka ta. Mutane suka ce Allah sarki, suka ci gaba da kurɓar abinsu. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Ba don jirgin ba, jirgi ai ƙarfe ne, ya tsufa ya ci tsatsa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, cikin mutum goma sha da ke zaune a wurin, dukansu tsofaffin ma'aikatan jirgi, babu wanda ya buɗe baki ya ambaci Hizam. To ni zan ambace shi. Sunana Nu'uman, shekara goma sha tara ina dafa wa masu hura wutar Gyatuma abinci, kuma da hannun nan nawa na yi wa Hizam wanka.

Sunan da aka rubuta a goshin jirgin Ellen Morva ne, amma bakinmu bai iya ba. Tun ranar da na fara ganinsa yana tari yana nishi kamar tsohuwa mai hawan tudu, shi ya sa 'yan wuta suka mai da shi mace suka sa masa Gyatuma. Kaya take ɗauka, ba mutane ba. Gishirin Aden zuwa Kalkata, shinkafa daga Rangun, dabino daga Basra, wani lokaci tumakin Barbara waɗanda warinsu kan yi wata bai bar ta ba. Ba ta sauri, ba ta da kyau, amma ba ta taɓa barin mu a hanya ba.

Hizam ɗan Muƙbil mutumin duwatsun Hujariyya ne, tafiyar kwana biyar daga Aden. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, hannayensa duk tabon ƙuna. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aikin jirgi, ashirin daga ciki a Gyatuma, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa tsayawa ya kalli teku ba. Wallahi ba ƙari na yi ba. In zai wuce ta saman jirgi, fuskarsa na wajen bangon ɗakuna, yana tafe kamar mai bin bayan gidan surukai. Buri ɗaya gare shi a duniya, kuma babu wanda ya yi kwana biyu a jirgin bai sani ba: in ya mutu a sa shi a ƙasa, kada a jefa shi ruwa.

A ƙauyensu ƙasa ba abin wasa ba ce. Gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, kowace da katangarta, kuma ƙasar da ke ciki kakanni ne suka ɗauko ta daga kwari a kwando, a baya. Yana saurayi ruwan sama ya ɓalle katangarsu ya share gonar tas. Shekara biyu shi da ubansa suna hawa da ƙasa, kwando bayan kwando, har uban ya faɗi a hanya bai tashi ba. Hizam ya binne shi a gefen gonar, ya gangaro Aden neman abin da zai ciyar da gida. Wani mutumin ƙauyensu ya sama masa aikin tura kwal a wani jirgi. Kafin ranar bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafki ba.

A wannan tafiya ta farko ya ga abin da ya zauna masa a zuciya har ya mutu. Zafi ya kashe wani Basomale mai hura wuta a tsakiyar teku. Aka yi masa wanka da salla, aka ɗinke shi cikin tamfol. Sai aka sauka ɗakin wuta aka ɗauko sandunan ƙarfe biyu, irin waɗanda ake jerawa a cikin murhu kwal ya ci a kansu, aka ɗaure masa a ƙafa don ya nutse. Haka ake yi a kowane jirgi, ba mugunta ba ce, su ne abu mai nauyi da ke kusa. Jirgin ko tsayawa bai yi ba. Hizam ya ce ya ji tsulum, ya leƙa, bai ga komai ba sai kumfa. Kwana uku bai ci abinci ba, kuma leƙen nan shi ne kallonsa na ƙarshe ga teku.

Sabit, sarkin 'yan wutarmu, wanda kuma shi ke ba mu salla, ya sha zaunar da shi yana yi masa bayani. Ya ce malamai sun halatta, in ƙasa ta yi nisa teku ma kabari ce, kuma bawa ba ya ɓace wa Allah a ko'ina. Hizam yakan saurara har ya gama, sannan ya ce:

"Ni ban yi gardama da malamai ba, ɗan baffana. Amma shekara nawa ina tsaye gaban wuta? A ce kuma ranar da zan tafi gaban Ubangijina, ƙarfen wuta ne ɗaure a ƙafata? Ku sa ni a ƙasa, ko ta wane gari ce."

Mu kuwa da ba mu da ta ido, tsokanarsa muke yi. Manomi muke ce masa. Na taɓa gaya masa ya kwantar da hankalinsa, in ya mutu zan ɓoye shi a tukunyar shinkafata har mu kai gaɓa. Ya dube ni ya ce wanda duk ya shiga tukunyata, ko gawa ce sai ta sake mutuwa. Aka yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma likkafaninsa na ninke a ƙasan akwatinsa tun wata tsayawa da muka yi a Jidda, kuma duk sabon ma'aikacin da ya shigo sai ya ja shi gefe ya karɓi alkawarinsa.

Aikinsa kuwa, ban ga na biyunsa ba. Gyatuma tukunyar tururi biyu gare ta, kowace da murhu uku. Wanda bai iya ba yakan ɗebo kwal shebur cike ya jibga a wuri ɗaya, ya rufe ƙofa ya zauna, wutar ta shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, tururi ya faɗi. Hizam ba haka yake yi ba. Kaɗan yake ɗiba, ya juya wuyan hannu ya watsa, kwal ya bazu ko'ina daidai. Ya ce shuka ce, ba jibga taki ba. Da launin wuta yake gane abin da take so. In yana kan aiki ka ɗaga kai ka dubi bututun jirgi, ba ka ganin komai sai iska na rawa.

Babban injiniyanmu wani tsohon Bature ne ɗan Sikotlan, Mai Lofe muke ce masa don lofe ba ya barin bakinsa ko babu taba a ciki. Ya iya Larabci irin wanda in yaro ya yi sai a mare shi. Turawa ba su ci da mu, ba su zama da mu, shi ma haka. Amma kullum da la'asar za ka gan su shi da Hizam tsaye a ƙofar ɗakin inji suna shan iska, wannan da lofensa, wancan da kofin shayin ɓawon gahawa, babu mai ce wa wani uffan. Shekara da shekaru suna haka. Ban san me za a kira wannan ba in ba abota ba.

Duk bayan shekara uku Hizam kan hau gida ya yi 'yan watanni wurin matarsa Ganiya da 'ya'yansu mata biyu. Ya sake gina katangar gona, ya cika ta da ƙasa, dawa ta dawo. A zuwansa na ƙarshe ya haƙa kabarinsa kusa da na ubansa, ya rufe bakin da faffaɗan dutse. Da ya dawo ya ba mu labari fuskarsa a sake, kamar wanda ya gama ginin ɗaki. Ya ce tafiya ɗaya ta rage masa, daga ita ya bar ruwa har abada. Ya yi tafiyar kuwa, muka dawo Aden, ya ɗaure akwatinsa ya sauka masaukin ma'aikatan jirgi a Ma'alla yana jiran ayarin raƙuman da zai bi.

A makon ne hafsoshin sojan ruwa suka hau Gyatuma da takarda a hannu. Yaƙin Turawa ya shiga shekara ta biyu, jiragen yaƙinsu na Suwez suna bukatar mai kai musu kaya, sun karɓe ta har sai an gama. Cikin mako biyu ka ce ba ita ba ce. Aka shafe ta da fenti ruwan toka, har sunanta aka shafe. Aka kafa igwa a bayanta da soja huɗu da sajansu. Aka jera buhunan yashi kewaye da ɗakin matuƙi da gindin igwar. Inda muke zuba gishiri da shinkafa aka cika shi da harsasan igwa da nakiyoyin ruwa da igiyoyi da gwangwanayen abinci, aka ɗaga mata jar tuta, alamar kowa ya yi nesa da ita. Ranar lodi ko ashana ba a yarda in ƙyasta ba, busasshiyar gurasa da hulba muka ci.

Sai kuma dokar hayaƙi. Jirgin da ya yi hayaƙi, daga nesa jiragen saman abokan gaba ke hango shi, ya ja wa kansa ya ja wa na kusa da shi. Gyatuma kuwa, in ba Hizam ke jagorar wutarta ba, turnuƙewa take yi kamar wurin gasa tukwane. Mai Lofe ya gwada sababbin mutane kwana uku, ya ga ba ta fita. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin Bature ya yi ba. Ya sa hularsa ya taka da ƙafa har masaukin Ma'alla, ni na raka shi. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya gaya wa Hizam cewa mutum talatin da takwas ne za su kwana bisa nakiya, kuma ransu na bakin shebur ɗinsa.

Hizam ya daɗe yana kallon akwatinsa. Sannan ya ce, "Sahib," wato maigida, "ka san sharaɗina."

Mai Lofe ya ce ya sani. Ya miƙa masa hannu, ya ce muddin yana numfashi a jirgin nan, Hizam ba zai shiga ruwa da ƙarfe ba, ƙasa za a sa shi. Suka tafa. Ni da ke tsaye na ji daɗi a lokacin, Allah na tuba, don ni ma tsoron hayaƙin nake yi. Yau in na tuna sai in ce da ma na buɗe bakina na ce masa ya kama hanyar gida.

Kafin mu tashi ya nemi izinin yini ɗaya. Da yamma sai ga shi a keken raƙumi da buhu guda, ya saɓo shi a kafaɗa ya hau da shi. Ashe lambunan unguwar Shaikh Usman ya je, ya cika buhu da baƙar ƙasar noma. Ya jera shi cikin buhunan yashin gindin igwa kamar ɗaya daga cikinsu, ya tsaga samansa da wuƙa, ya dasa ɗoɗɗoya. Ruwa a ƙididdige ake ba mu, saboda haka a kwano yake alwala, ya juye abin da ya taru a gindinta. Sajan igwa ya yi ta hargagi, wai an mai da masa wurin yaƙi lambu. Ran Juma'a Hizam ya tsinko reshe ya saƙala a bayan kunnensa kamar yadda mutanenmu ke yi, ya tsinko wani ya miƙa wa sajan. Mutumin ya shinshina. Daga baya ni da idona na gan shi yana zuba mata ragowar shayinsa.

Wata tara muka yi muna kai da kawowa tsakanin Aden da Suwez. Sau biyu jiragen sama suka wuce ta kanmu ba su gan mu ba, sau ɗaya suka gan mu suka jefa, Allah ya sa ruwa ya sha. Wani lokaci a tsakiyar teku jirgin yaƙi zai matso, a ɗaure mu gefe da gefe, a yi ta ɗaga masa akwatuna, sojojinsa na kallonmu daga sama ba ko sannu. Gyatuma ba a huta da ita ba, ba a kankare mata tsatsa ba. Mu ma haka.

Sai tafiyar tsakiyar bazara. Wanda bai shiga Bahar Maliya a wannan lokaci ba, kada ya ce mini ya san zafi. Iska ta ɗauke ɗif, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa, a ɗakin wuta kuwa mutum kan juye ruwa a kansa ya bushe kafin ya kai ƙafa. Cikin 'yan wuta tara, huɗu suka kwanta. Aikin awa huɗu ya koma takwas. Hizam, mai shekara kusan hamsin, ya yi takwas ɗinsa, ya fito ya sha ruwa, ya ga hayaƙi ya fara tashi daga bututu, ya koma. Da hantsi ya faɗi gaban murhu na tsakiya da shebur a hannu.

Aka ɗauko shi aka kwantar a inuwar madafata. Na yi ta zuba masa ruwa, jikinsa zau kamar kasko, kuma ko ɗigon gumi babu. Can ya buɗe ido ya ce, "Nu'uman, ƙasa na nesa?"

Na ce ga ta nan kusa. Ƙarya na yi masa, ko'ina ka duba ruwa ne. Ya yi kalmar shahada, ya sake yi, bai ƙarasa ta uku ba.

Muna tafe ne mu kaɗai zuwa wata tasha a gaɓar yamma, inda za mu haɗu da ayarin jirage washegari. Ba zan ambaci sunan garin ba, har yau in na ambata raina ɓaci yake yi. Kyaftin ya ce a wannan zafi gawa ba za ta kwana a jirgi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tashar kuwa da faɗuwar rana ake jan sarƙa a rufe bakinta, kuma a tafiyar Gyatuma ba za mu isa ba sai bayan an rufe da awa uku. Mai Lofe ya hau wurinsa. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ya sauko lofen a aljihu, ya ce wa Sabit kyaftin ya yarda: in mun kai kafin a ja sarƙa, za a sauke Hizam. In ba mu kai ba, a yi abin da aka saba.

Ni da Sabit muka yi masa wanka, muka sa shi cikin likkafaninsa na Jidda. Daga nan na kashe wutar madafa na sauka ɗakin wuta, inda rabona da shi shekara goma. Kowa na can. Marasa lafiyar nan huɗu sun rarrafo. Sajan igwa ya turo soja biyu, suka kama baro suna turo kwal, ɗaya ya yi amai ya goge baki ya ci gaba. Mai Lofe ya tuɓe riga, ya hau kan tukunya ya ɗaure mafitar tururi da ba a ɗaurewa, allurar agogon tururi ta haye jan layi ta zauna. Kuma duk da haka babu halin jibga kwal, dokar hayaƙi na nan. Sabit na bin bayanmu da dasasshiyar murya yana cewa kaɗan-kaɗan, a watsa, yadda Manomi ke yi. Gyatuma ta yi ta karkarwa tun daga kai har gindi, kwanukana na faɗowa a sama ina ji. Ba ta taɓa gudu irin na ranar ba, ba ta kuma sake ba.

Muka kai. Da sauran rana hannu biyu aka ce mu fito mu gani. Ga gari nan fari fat, ga hasumiyar masallaci, ga awaki a kan tudu ana iya ƙirga su. Bayan garin, a jikin tudun, ga maƙabarta da fararen duwatsunta. Sabit ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Ni kuwa har na shiga neman igiyar da za mu sauke makara.

Sai fitilar aika saƙo ta fara ƙiftawa daga bakin tashar. An sake umurni. Ayarin ba gobe zai tashi ba, yanzu yake fitowa, ga jiragen nan ma sun fara jerowa. Jirgi mai jar tuta ba zai shiga tasha ba, ba zai tsaya ba, ba zai sauke kwale-kwale ba. Mu bi bayansu nan take, ana jiran kayanmu a Suwez. Kyaftin ya sa aka mayar da amsa cewa akwai gawa. Fitilar ta ƙifta gajeren abu ta mutu. Ban san wanda ke bayan fitilar nan ba, wataƙila shi ma umurni aka ba shi, amma na daɗe ban yafe masa ba.

Gyatuma ta juya kai arewa. Muna tsaye muna kallon maƙabartar tana komawa baya. Wasu suka ce a ajiye shebur, a ga wanda zai tafi da jirgin. Sabit ya hana, ya ce Hizam bai mutu don mu tsaya a fili da nakiya a ciki ba. Ana cikin haka shugaban ma'aikatan saman jirgi ya zo da tamfol da allura, bayansa mutum biyu ɗauke da sandunan murhu. Suka ajiye su kusa da gawar, ƙarfen ya yi ƙara. Ban san lokacin da na sunkuci ɗaya na wurga shi teku ba, ni da ko buhun shinkafa sai an taya ni. Na juyo zan ɗauki na biyun aka riƙe ni, ina zage-zagen da ba su dace da gaban gawa ba.

Mai Lofe na tsaye yana kallo, jikinsa baƙi ƙirin da kwal. Sai ya juya ya nufi bayan jirgi. Jim kaɗan sai ga shi yana jan buhun Hizam da baya-baya, tsoho yana haki, ɗoɗɗoyar na kaɗawa. Ya kawo shi gaban Sabit ya saki.

Ya ce, "Na ce masa ƙasa. Ga ƙasa."

Sabit ya dubi buhun, sannan ya ce bai san abin da ya hana ba. Buhu ɗaya ba zai nutsar da mutum ba, sai ga sajan igwa da kansa ya zaro wuƙa yana yanke igiyar buhunan da ke kare igwarsa, abin da zai iya ja masa kurkuku. Yashin Ma'alla ne a ciki, ƙasar Aden. Aka kawo tamfol babba na rufin ramin kaya aka shimfiɗa. Muka yi wa Hizam salla, sannan muka zuba yashi a ƙasa muka baje, muka zuba baƙar ƙasarsa a kai, muka kwantar da shi bisa gefensa na dama kamar yadda ake yi a kabari. Kowa ya zo ya ɗebi ƙasa sau uku ya zuba, yana karanta abin da ake karantawa. Mai Lofe ya tsaya daga baya, Sabit ya yafuto shi. Ya zo ya durƙusa ya zuba nasa uku. Muka rufe Hizam ruf har ba a ganin farin likkafani, muka ɗora rassan ɗoɗɗoya, aka ɗinke.

Mutum goma muka ɗaga shi. Alƙibla na hannun damanmu, ƙetaren ruwa kaɗan, ta nan muka kai shi. A ayari ba a rage gudu, amma na ji injin ya sassauta, kyaftin ya yi haka ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Muka sake shi rana na ja. Ni na leƙa a madadinsa, na ga ya tafi a miƙe, a hankali. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Kafin a share wurin na tsinci saiwa ɗaya da ta rage, na tattara 'yar ƙasar da ta zube na sa a gwangwanin madara.

A Suwez an tuhumi Mai Lofe kan tukunyar da ya lalata da buhunan da suka ɓace, ya ce shi ya yi, shi kaɗai. Ba su kore shi ba don babu wanda zai karɓi Gyatuma. Tukunyar hagu ba ta sake daidai ba, kuma daga ranar hayaƙi bai rabu da mu ba, sai dai Allah ya tsare. Da la'asar tsohon kan tsaya a ƙofar ɗakin inji shi kaɗai. Na taɓa kai masa shayin ɓawon gahawa, ya karɓa ya riƙe har ya huce.

Shekara huɗu suka wuce kafin a sake mu. Takardar da aka aika wa Ganiya layi ɗaya ce, wai mijinta ya rasu a teku. Na san ta san abin da wannan ke nufi, don babu yadda za a yi mutum ya dame mu da magana shekara ashirin bai dami matarsa da ita ba. Shekara huɗu matar nan na kwana da wannan. Da na sauka Aden ban nufi garinmu ba, na bi ayari zuwa Hujariyya da gwangwanina. Ɗoɗɗoyar ta mutu ta sake tsirowa daga 'ya'yanta sau uku a tagar madafata.

Na same ta zaune a bakin ƙofa tana tsince dawa, 'yar tsohuwa ramammiya. Na yi sallama, na kira ta da sunan babbar 'yarta na ce, Uwar Safiyya, ni ne Nu'uman kuku. Ta ce ta san sunan, ni ne wanda abincinsa ke kashe gawa. Na zauna nesa kaɗan na fara ba ta labari tun daga hantsin ranar, ina ta kewaye-kewaye, don ban san yadda zan gaya mata mun ga maƙabarta da idonmu ba mu kai ba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Ɗan'uwa, ƙarfen fa?"

Na ce, "Ko ƙusa ba a sa masa ba. Ƙasa ce a ƙarƙashinsa, ƙasa ce a kansa, da hannuna na zuba."

Ta ajiye faifan a hankali. Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Sannan ta tashi ta karɓi gwangwanin, ta hau gaba ina biye, har gona ta can sama. Ta sa surukinta ya ɗaga faffaɗan dutsen. Ramin na nan yadda Hizam ya bar shi, gefensa a gyare tsaf. Ta cire ɗoɗɗoyar ta riƙe, ta juye 'yar ƙasar a ciki, ta buga gindin gwangwanin don kada ta rage.

Ta ce a rufe. Surukin ya kawo shebur, na karɓa daga hannunsa.